Tambayi Kawu: A-kori-kurar da Za Ta Ja Tirelar Kwana

Tambaya: Kawu, assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas, da maiɗakina da yara uku. Bara wani abokin aikina ya gayyace mu muka kwana biyu a Garner State Park, bakin kogin Frio, a cikin tirelarsa irin mai gadaje da kicin da banɗaki. Tun daga ranar yara suka hana ni sakat. Yanzu na samu tirela mai tsawon ƙafa 28, takardarta ta ce nauyinta laba 5,800 in ba komai a ciki, 7,500 in an cika ta. Matsalar ita ce motar da za ta ja. Raina na kan Toyota Tacoma, don ita ta fi kama da Hilux ɗin da na sani a gida. Amma dila ya nuna mini sabuwar Ford F-150 mai kujerun fata, dala 58,000, ya ce tana jan laba 13,000 ba tare da ta san an ɗaura mata komai ba. Ya ce in ba da 8,000 kafin alƙalami, sauran kuma 836 duk wata har wata 84. In na matse, albashina zai ɗauka. Burinmu mu je gandun dajin Big Bend, wata rana kuma Colorado. In sa hannu?

— Ɗanka a Houston

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya yaran, ya shirya mana su. Ajiye biron tukuna.

Masu karatu su sani, da wasiƙar nan ta iso na tura shi ya koma wurin dilan, ya buɗe ƙofar direba, ya ɗauko mini hoton 'yar sitikar nan mai rawaya da fari da ke liƙe a madogarar ƙofa, wadda ake rubuta iskar taya a jikinta. A samanta akwai layi ɗaya da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka. Ya turo, na ga 1,480. Da wannan lambar za mu yi aiki. Waccan 13,000 ɗin da aka yi ta nanata maka, ka bar wa mai ita.

Ba ƙarya ya yi maka kai tsaye ba. Akwai F-150 da ke jan hakan, har da fiye. Tun daga motocin 2015 manyan kamfanonin Amurka suke fitar da lambar ja bisa gwaji ɗaya na ƙungiyar injiniyoyi ta SAE, wanda ya haɗa da hawan hanyar Davis Dam a Arizona cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyi a kunne. Gwajin kirki ne. Sai dai ana lissafa shi ne da mutum biyu kacal a cikin mota, kowanne laba 150, bayanta kuma wayam. Babbar lambar da ake bugawa a talla kuma ta wata mota ce takamaimai, mai wani inji, mai wani haƙorin ƙafar baya, wadda ba a cika mata kayan ƙawa ba. Taka mai kujerun fata da rufin gilashi da fowil, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nauyi, kuma daga rabon kayanka ake cire shi.

Abin da jaki ke ja a amalanke daban, abin da ke kan gadon bayansa daban. Tirela ma ba dukan nauyinta ke kan tayoyinta ba. Wuyanta yana danne ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, kuma in ana so ta tafi salin-alin, dole kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a wurin. Masu jan irin tirelarka sukan yi lissafi da kashi 13. Kada kuma ka yi da 5,800, don wannan nauyinta ne ranar da ta fito daga masana'anta, babu batir, babu gas a tukwane, babu ko cokali. Ruwa kaɗai, galan 40 ya haura laba 330. Sai tukwanen Hajiya, buhun shinkafa, katifu, kekunan yara. Yi da 7,500.

To ga lissafin. Kashi 13 na 7,500 shi ne 975. Ƙarfen maƙali mai rarraba nauyi, wanda Ford da kansu suka ce dole ne in tirela ta wuce laba 5,000, ka sa masa 100. Kai da maiɗakinka da yara uku, in yi muku adalci in ce 650, ko da yake yara ba sa tsayawa wuri ɗaya, baɗi sai sun fi haka. Kular ƙanƙara da janareta da kujeru da gawayin gashi a bayan mota, 300. An tashi 2,025. Sitika ta ce 1,480. Kun zarce da laba 545, kusan kilo 250, tun ba ku bar ƙofar gida ba.

Wani zai ce maka ai motar za ta tashi. Za ta tashi mana, injin ba zai ko yi tari ba. Amma bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannunka, fitilunka su riƙa haska idon masu zuwa. Tayoyin baya da birki su ne ke shan wahalar, kuma ba za su gaya maka ba sai ranar da wata babbar mota ta wuce ka a babban titin I-10 iskarta ta make gefen tirelar. Akwai balan-balan ɗin iska da ake sa wa ƙafar baya don a ɗago ta. Suna gyara tsayuwar mota, amma ba sa ƙara ko laba ɗaya a kan abin da sitika ta ce.

Maganar Tacoma kuwa gajera ce. Mota ce mai amana, ni ma ina son ta. Ita ta gaji Hilux a Amurka a 1995, ita kuwa Hilux ba a sayar da ita a nan, kuma harajin kashi 25 da aka ɗora wa irin waɗannan motoci na waje tun 1964 yana cikin abin da ya tare mata hanya. Amma mafi ƙarfin Tacoma ta 2016 zuwa 2023 laba 6,800 take ja, sitikarta kuma sau da yawa ba ta wuce 1,200. Tirelarka ta fi ƙarfinta ta kowace fuska. In Tacoma kake so, tirelar za ka canja, ka nemi 'yar ƙarama wadda cikakken nauyinta bai wuce 4,000 ba, ko irin mai naɗewa da rufin tamfol.

A gaskiya ma nan nake so ka tsaya ka yi tunani, don na ga kamar tirelar ce ka zaɓa da ido. Ka ce Big Bend. Hanyar da ke hawa Chisos Basin, inda ya fi ko'ina sanyi da kyau a dajin, hukumar wurin ta ce kada a bi ta da tirelar da ta wuce ƙafa 20, saboda kwanoni da tudu. Da mai ƙafa 28 sai dai ku sauka a ƙasa, wajen Rio Grande Village, ku kwance ta ku hau da mota zalla. Ba laifi ba ne, wurin ma yana da daɗi daga Nuwamba zuwa Maris. Amma tirela mai ƙafa 20 ko 22 mai gadaje hawa biyu tana kwanar da mutum biyar, cikakken nauyinta kuma yakan tsaya wajen 5,000. Nauyin wuyanta ya dawo 650 ke nan. Jimillarku ta zama 1,700, kuma F-150 mai sitikar 1,800 ko 1,900 ba wuyar samu gare ta ba, in ka haƙura da kujerun fata ka nemi samfurin XLT mai ƙarancin kayan ƙawa.

In kuwa kun kafe sai mai ƙafa 28, to ka daina duba ajin F-150 gaba ɗaya, ka koma F-250 ko Silverado 2500 ko Ram 2500 mai shan fetur, inda sitika kan kai wajen 3,000. Ban ce mai dizal ba. Injin dizal yana ƙara kusan dala dubu goma a farashi, yana da nauyi har ya rage maka kaya, gyaransa kuma ba na yara ba ne. Wanda ke jan shanu ko katafila kullum shi ya dace da shi. Sannan ka tuna wannan ce motar da za ka riƙa shiga da ita aiki ranar Litinin, ka nemi wurin ajiye ta a tsakiyar Houston.

Yanzu kuɗi. Hukuncin kuɗin ruwa ka san shi, kuma akwai malamai a masallacinku da suka fi ni bayani. Nawa lissafi ne. Harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 ne, wato 3,625 a kan 58,000. An tashi 61,625. Cire 8,000 ɗinka, bashi ya rage 53,625. Ninka 836 sau 84, ka samu 70,224. Bambancin, dala 16,599, shi ne ruwan, kuma da shi kaɗai za ka sayi tirela mai kyau ta hannu. Shekara bakwai ke nan. Babban ɗanka in yana da goma sha ɗaya yau, zai shiga jami'a kana kan biya. Dila ya san abin da ya sa yake maka magana da kuɗin wata, bai taɓa ambatar jimilla ba. Sabuwar mota kuma a shekarunta na farko take zubar da daraja da sauri, bashin wata 84 kuwa a hankali yake sauka, don haka za ka daɗe abin da ake bin ka ya fi abin da za a sayi motar.

Kuma 836 ba shi ne ƙarshe ba. Mai ba da bashi zai tilasta maka cikakkiyar inshora. Tirela na da nata rajista da inshora. Unguwanni da yawa a Houston ƙungiyar masu gidaje ta hana ajiye tirela a ƙofar gida, sai ka kama mata wuri kana biya duk wata, har watannin da ba ku je ko'ina ba. Ka duba takardun unguwarku yau, kafin gobe. Sai mai. Motar da ke yin mil 20 a galan in tana tafe ita kaɗai, da ka ɗaura mata wannan akwatin mai tare iska za ta dawo wajen 9 ko 10. Houston zuwa Big Bend kusan mil 600 ne. Zuwa da dawowa a mil 9, galan 133 ke nan. Tankin galan 23 ko 26 kuwa, a yammacin Texas inda gidajen mai ke nesa da juna, zai sa ka riƙa tuƙi ido ɗaya na kan allura. Wasu F-150 na zuwa da tankin galan 36. Ka neme shi, ya fi maka rufin gilashi amfani.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Bana ba zan sayi komai ba. Akwai masu ba da hayar tirela da ke kai maka ita har filin zango su kafa, ku zo da motarku ta gida ku shiga, ranar tafiya su zo su ɗauke. Ku yi haka a hutun bazara da na ƙarshen shekara, sau ɗaya da mai ƙafa 28, sau ɗaya da ƙarama. Wannan 836 ɗin kuma ka riƙa zuba shi a asusu duk wata kamar bashin ne. Bayan shekara kana da 10,032 a kan 8,000 ɗinka, ka kuma gane ko matsewar da ka ce za ka yi gidanku zai jure ta. Iyalai da yawa kwana goma sha a shekara suke yi a daji, sauran ranakun tirela na shan rana, tayoyinta na tsagewa.

In shekara ta zagayo sha'awar na nan, ka nemi ta hannu. F-150 daga 2018 zuwa 2020, mai fulogi takwas lita 5.0 ko mai turbo lita 3.5. Tunda kana maganar Colorado zan karkata ga mai turbo, don inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da aka hau, ramin Eisenhower da ke kan babban titin I-70 a can kuwa ya haura ƙafa 11,000. Amma ka je ganinta da sassafe, ka ce kada kowa ya tayar da ita kafin ka zo, ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar da sanyi. In aka murza makulli ka ji wata kwaramniya ta daƙiƙa biyu ko uku kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, cutar da aka san wannan injin da ita ce, kuma gyaranta na da tsada. Mai lita 5.0 ta waɗannan shekarun kuma an yi ta kuka da ita kan shan baƙin mai, ka zaro sandar awo ka gani. Tundra ta 2014 zuwa 2021 mai lita 5.7, wadda ake haɗawa nan kusa da kai a San Antonio, ba ta cika kai mutum gareji ba, sai dai tana shan fetur ba kunya, sitikar mai ƙofa huɗu kuma ba ta da yawa. Sabuwarta ta 2022 da 2023, Toyota sun kira kusan dubu ɗari a 2024 saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji, don haka ka sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko an yi mata aikin.

Abu ɗaya na mutanen Houston: ambaliyar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, an kuma yi wasu ambaliyoyin bayanta. Ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin laka. Ka leƙa ƙarƙashin kujera da tocila, ƙarfen wurin ba ya cika tsatsa sai in ruwa ya kwana a ciki. Ka kuma tabbatar tana da na'urar sarrafa birkin tirela a gaban direba, don a Texas tirelar da ta wuce laba 4,500 dole ta kasance da nata birkin. Ranar da kuka haɗa komai, da iyali da kaya da ruwa, ku biya ta sikelin manyan motoci da ke gidajen man bakin hanya, a auna muku kowace ƙafa. Kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Tambaya: Kawu, ina wuni. Muna dawowa daga zango da 'yar tirelarmu, wata babbar mota ta wuce mu, sai tirelar ta fara wutsil-wutsil hagu da dama. Maigidana ya taka birki abin ya ƙaru, Allah dai ya tsare. Shi ya ce motar ce ta yi ƙanƙanta, a sayi babba. Ni kuma ina ganin dalili yake nema.

— 'Yarka a Ohio

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Allah ya ƙara tsarewa. Ba zan shiga tsakaninku ba, amma kafin a kira dila ki tambaye shi inda ya loda kaya ranar. Yawancin wannan rawar daga bayan tirela take, in an jibga masa nauyi har wuyanta ya yi sauƙi. Kashi 60 na kaya ya kamata ya zauna gaban tayoyinta. Ku duba iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi, ku sa maƙali mai hana rawa, ya kuma rage gudu. A California doka ma ta tsayar da mai ja a mil 55, kuma ba don mugunta ba ne. In ta sake faruwa, kada ya taka birkin mota, kada ya yi kokawa da sitiyari. Ya riƙe shi a miƙe, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya matse ɗan hannun birkin tirela da yatsunsa, ita za ta ja motar ta miƙar da kanta. In an yi duk wannan, an je sikeli lamba ta nuna kun zarce, to maigida ya yi gaskiya, ki ba shi haƙuri.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni a Bauchi nake. Mu abokai ne muna zuwa Yankari, yanzu muna son hawa Mambila mu kafa tanti. Ina da tirela da mai walda ya haɗa mini, ina ɗora mata tankin ruwa lita 1,000 da janareta. An yi mini tallar Tundra tokunbo da Hilux ta hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na ji an ce Hilux na jan tan uku da rabi.

— Ɗanka a Bauchi

Amsa: Barka kadai, ɗana. Kilo 3,500 ɗin da ka ji na wasu Hilux masu dizal ne da ake sayarwa a Turai da Ostareliya, kuma da sharaɗin tirelar na da nata birkin. Marar birki, kilo 750 aka yarda. Tirelar mai walda ba ta da birki, lita 1,000 na ruwa kuwa tan ɗaya ne cur, ban da ƙarfen tirelar da janareta. A shimfiɗaɗɗen titin Bauchi zuwa Yankari kana tsira da hakan. Gangaren Mambila zuwa Mayo Selbe wani abu ne daban: tirelar za ta riƙa tura ka a kowace kwana, ruwan da ke cikin tanki in bai cika ba yana tambal-tambal yana ƙara mata ƙarfi, birkinka kuma ya yi zafi har ka ji warinsa. Ka hau da tankin babu ruwa, ko ka bar shi a gida ka ɗauki jarkoki a bayan mota, ka ɗebi ruwa a sama. Ka sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, da rana, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ku tashi.

Tsakanin motocin biyu, Hilux. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ciyar da inji mai lita 5.7 ya zama aikin masu hali, kuma in wani abu ya lalace maka a Serti ko Gembu, kayan Hilux mai lita 2.7 za ka samu, kowane bakanike kuma ya san cikinta. Tundra da yawa da ke shigowa daga gwanjon motocin haɗari da ambaliya na Amurka suke, shi ya sa kake ganin arha. In har ta shiga ranka, ka sa a bincika tarihin lambar shasinta, ka yi mata gwajin bel da tocila da na faɗa wa ɗan'uwanka na Houston. Ita ma Hilux ɗin ka tambayi inda ta yi aiki, don wadda ta fito daga kamfanin gina titi ta riga ta ga duniya. Ka sa bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta ya duba shasi ko an taɓa yi masa walda, ya gwada fowil ɗin a kan yashi, ka kuma kai takardun kwastam a tantance su kafin ka biya ko sisi. In kuɗin bai cika ba, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna yin murabaha, su sayi motar su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Su ma ka ce su rubuta maka jimillar da za ka biya daga farko har ƙarshe.